Yaya zan koya musu rubutun rediyo, jarida da waya, kuma da me zan auna su?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata cibiyar koyar da matasa sana'a a Asawase, nan Kumasi. Bana an ɗora mini aji na samari da 'yan mata 24, in koya musu rubutun da ake yi wa rediyo, jarida, Facebook da bidiyon waya, cikin wata uku. Na ba su bayanin kowace kafa sun haddace, sun kuma ci jarrabawa. Amma da na ce su rubuta, sai kowa ya kawo mini insha'i irin na makaranta, na rediyon da na Facebook ɗin duk kammaninsu ɗaya. Ta ina zan ɓullo wa koyarwar? Kuma da wane ma'auni zan ba da maki ban zalunci kowa ba, tunda yawancinsu Hausar Zongo suke ji, ba su taɓa koyon rubuta ta a aji ba?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara basira. Abin da kike tambaya shi ne yadda za ki raba yaran nan da rubutun jarrabawa, ki sa hannunsu ya riƙa sauyawa gwargwadon inda rubutun zai je, sannan ki sami abin awo da za ki iya kare shi idan ɗalibi ya tsare ki ya ce me ya sa wance ta fi ni. Maganar Hausar Zongo kuma tana nan a ƙarƙashin duka biyun, zan zo kanta.

Ki fara da sauke wa yaran laifi. Shekara goma sha biyu ana horar da su su rubuta wa mutum ɗaya tak, wato mai duba takardar jarrabawa. Wannan mutumin an biya shi ne ya karanta har ƙarshe, ko rubutun ya yi masa daɗi ko bai yi ba. A jarrabawar gama sakandare ta WASSCE ana neman insha'in Turanci ya kai kalma 450, don haka yaro ya koyi shimfiɗa, ya koyi jan magana, ya koyi ajiye abu mafi nauyi sai can ƙasa. A wajen aji kuwa babu mai karatu irin wannan. Matar da ke zuba waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titin Aboabo rediyonta na kunne, amma hankalinta na kan canjin da za ta mayar. Saurayin da ke cikin torotoro, wato motar haya, zuwa kasuwar Kejetia babban yatsansa na kan fuskar waya, kafin ki ƙifta ido ya wuce rubutunki. Waɗannan ne za su karanta ko su saurari aikin ɗalibanki, kuma babu wanda ya yi musu alkawarin komai.

Abin bai daɗe da zama haka ba. Rediyo ya shigo ƙasar nan ta Ghana ranar 31 ga Yuli 1935 da tashar ZOY a Accra, wadda daga baya ta zama GBC, gidan watsa labarai na gwamnati, talabijin kuma ya biyo a 1965. Shekaru masu yawa GBC ce kaɗai a iska, Hausa na cikin harsunan da take watsa shiri da su, kuma aikin a rabe yake: mai rubuta labarin rediyo daban, ɗan jaridar Daily Graphic daban. Bayan tsarin mulkin 1992 ƙofa ta buɗe, Joy FM ta fara a 1995, tashoshi suka yi ta fitowa har muka sami irin su Zuria FM a nan Kumasi da Marhaba FM a Accra. Yau ƙaramar tasha ko ƙungiyar unguwa mutum ɗaya take ɗauka: shi zai rubuta abin da za a karanta a iska, shi zai saka a Facebook, shi zai yanka bidiyo ya rubuta abin da zai fito a ƙasansa. Saboda haka aikin da aka ɗora miki ya dace da kasuwar da yaran za su shiga.

Labari ɗaya, a sake masa riga

Ki ajiye bayanin kafofin nan da suka haddace. Ba ƙarya ba ne, amma sanin sunan kayan ɗinki bai taɓa ɗinka riga ba. Abin da nake yi tun ina horar da sababbin ma'aikata a ɗakin labarai shi ne in ba kowa takarda ɗaya mai ɗauke da ɗanyen bayani a hargitse, in ce a fitar mini da shi sau huɗu. Idan kin ba su batu daban-daban ga kowace kafa, ba za su taɓa ganin bambancin ba, don za su ɗauka batun ne ya sauya rubutun. Idan bayanin ɗaya ne, dole ido ya faɗa kan abin da ya sauya.

Ki zaɓi abin da ya shafi gidajensu. Wanda na fi yawan amfani da shi shi ne sabunta katin inshorar lafiya na NHIS ta waya, inda mutum zai danna *929# ya biya da kuɗin da ke asusun wayarsa ba sai ya je layi ba. Ki haɗa da wasu bayanan da kika shirya don darasi: wata ƙungiyar matasa za ta zauna a harabar wata makaranta ranar Asabar daga ƙarfe tara zuwa azahar don taimaka wa tsofaffi su sabunta nasu, ga abin da shugabar ƙungiyar ta ce, ga tarihin kafa ƙungiyar, ga sunayen manyan baƙi. Ki cusa abubuwa biyu ko uku marasa amfani da gangan. Rabin sana'ar nan sanin abin da za a zubar ne, kuma ɗalibin da ya saba da cika kalma 450 zubarwa ce ta fi yi masa ciwo.

Kafin su taɓa alƙalami, ki tambaye su yadda ake sanarwar rasuwa a lasifikar masallacin unguwarsu. Kowa zai iya kawo miki ita da ka: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya yi wa wane na gidan wane rasuwa, za a yi jana'iza bayan la'asar a masallaci kaza, a kai shi maƙabartar Tafo. Sai a maimaita. Ki ce su duba da kyau. Wane ne, me ya faru, yaushe, a ina, duk sun fito a numfashi biyu, babu shimfiɗa, kuma an maimaita don wanda bai ji farkon ba. Ladanin da bai taɓa shiga ajin aikin jarida ba ya riga ya ba su darasin farko na rubutun rediyo. Na ga wannan misalin ya buɗe kan yara fiye da duk wani zane da na taɓa yi a allo.

Daga nan ki fara da rediyo, don shi ne ya fi kusa da bakinsu, kuma shi ne ya fi saurin tona asirin insha'i. Mai sauraro ba ya iya komawa baya. Magana zarar bunu ce, idan ta wuce shi ta wuce. Don haka jimla ɗaya ta ɗauki magana ɗaya, a faɗi wanda ya yi maganar kafin a faɗi abin da ya ce, a sa muƙami gaban suna, lambar da za a danna kuma a faɗe ta sau biyu, a rubuta ta yadda baki zai furta: alamar tauraro, tara, biyu, tara, sai alamar tsani. A gidajen rediyon Turanci ana lissafin kalma uku a daƙiƙa ɗaya. Ni ba na ba ɗalibai wannan lissafin su hau kai, sai in sa kowa ya karanta rubutunsa da agogon waya ya gano nasa saurin, sannan in ce ina son daƙiƙa 30, ba 35 ba.

A nan ne maganar adadi take da haɗari, kuma na taɓa ƙonewa. Tun watan Yulin 2007 da aka sauya kuɗi, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, amma har gobe iyayenmu a kasuwa suna kiran sidi ɗari da miliyan ɗaya. Wata rana a wata tasha da na yi aiki, an kawo sanarwar kuɗin rajistar wani abu, wanda ya kawo ta ya faɗa da tsohon lissafi, yaron da ya rubuta ya sa yadda ya ji, ni kuma na bari ta fita ban tambaya ba. Wasu suka ji miliyan biyu suka fasa zuwa, wasu suka gane sidi ɗari biyu ake nufi, wayar tasha ba ta huta ba har dare. Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a takardar. Tun daga ranar, duk rubutun da kuɗi ya shiga sai na tambayi marubucin: da wane lissafi mai sauraronka yake ƙirga?

Jarida ba za ta ɗauke ki lokaci mai yawa ba idan sun kama na rediyo. Mai karatu yana da ido, yana iya komawa, don haka cikakken suna, cikakken adadi da maganar mutum kalma da kalma duk suna da wuri. Abu mafi nauyi a sakin layi na farko, mai bi masa a na biyu, tarihin ƙungiya can ƙasa. Kanun labari kuma a bar shi sai an gama.

Waya ce za ta ba ki mamaki, don a nan yaran suke ganin sun fi ki sani, kuma ta wani ɓangaren sun fi ki. Ki bar su su nuna miki. Abin da za ki ƙara musu shi ne hankalin da ke bayan abin da suke yi da ka. Facebook yana yanke dogon rubutu bayan 'yan layuka, saboda haka abin da ke saman yankan shi ne dukan abin da yawancin mutane za su gani. Saƙon WhatsApp kuma yana yawo ba tare da mai shi ba: a tura shi daga wannan zaure zuwa wancan, bayan wata shida ya dawo kamar sabo. Don haka saƙon da ya ce "gobe Asabar" ba tare da kwanan wata da sunan masu sanarwar ba, ya zama tarko. A Zongo kuma kada ki manta da saƙon murya, don da yawa daga cikin iyayen da ake son su zo da katinsu ba za su karanta ba, saurara za su yi. Saƙon murya rubutun rediyo ne, a rubuta shi tukuna sannan a ɗauka, in ba haka ba minti huɗu zai tafi a gaisuwa.

Bidiyo shi ne inda ake rubuta kaɗan. A raba takarda gida biyu, hagu abin da ido zai gani, dama abin da kunne zai ji. Idan hoton ya nuna tsohuwa tana miƙa kati, kada murya ta ce ga wata tsohuwa tana miƙa kati. Ta faɗi abin da hoton ba zai iya faɗa ba, misali wata nawa katin ya yi da mutuwa.

Inda ake auna kowane rubutu

Yanzu ga maganar maki, kuma a nan nake da ra'ayi mai ƙarfi. Kada ki tattara takardu huɗun nan ki kai gida ki zauna da jan biro. Idan kika yi haka, ke ma kin koma mai duba jarrabawa, kuma wanda ya fi iya insha'i shi zai sake cinyewa. Kowane rubutu a gwada shi a inda zai yi aiki.

Na rediyo da kunne ake duba shi. Marubucin ya miƙa takardarsa ga wani ɗalibi ya karanta da ƙarfi, sau ɗaya, ba tare da ya taɓa ganinta ba. Duk inda mai karatun ya yi tuntuɓe ko numfashinsa ya ƙare, ki sa alama, laifin rubutun ne. Mutum uku kuma su juya baya suna saurare, in da hali ki kunna fanka ko ki buɗe taga hayaniyar titi ta shigo. Da an gama ki tambaye su: me za a yi, yaushe, a ina, me zan danna? Abin da suka iya maimaitawa shi ne makin. Na fi son in samo masu sauraron daga waje, mai gadi ko mai sayar da koko a ƙofar cibiya, don 'yan ajin sun riga sun san labarin.

Na jarida da almakashi. Ki yanke sakin layi na ƙarshe, ki karanta, ki sake yanke na sama da shi. Idan labarin yana tsaye har ya rage sakin layi ɗaya, an gina shi daidai. Idan kin yanke ƙasa sai ranar taron ta tafi, marubucin ya gani da idonsa, ba sai kin yi dogon bayani ba. Na waya a tura shi wayarki, ki duba layukan da suka fito kafin yankan, ki nuna wa wani na daƙiƙa biyar ki karɓe, ki tambaye shi abin da ya gani. Bidiyo kuma a kalle shi sau biyu, da murya da kuma a kashe murya.

A kan wannan gwajin nake ɗora lissafi. Cikin maki 100, ina ba da 30 ga cikar bayani da zaɓen abin da ya kamata ya zo gaba, 30 ga dacewa da kafar kamar yadda gwajin ya nuna, 20 ga harshe, 20 kuma ga gyara, wato nisan da ke tsakanin rubutun farko da na biyu bayan an nuna masa inda ya faɗi. Wannan na ƙarshen malamai da yawa ba sa sa shi, alhali a ɗakin labarai wanda ke karɓar gyara ya fi mai baiwar da ba a isa a taɓa masa jimla ba. Ki ba su ma'aunin tun ranar farko, a rubuce, har da misalin aikin da ya ci da wanda ya faɗi. Rabin ƙorafin zalunci daga ɓoye ma'auni yake tasowa.

Akwai abu ɗaya da ba ya shiga lissafi, ƙofa ce. Rubutun da ya ɓata suna, ko adadi, ko rana, ko ya sa wa mutum maganar da bai faɗa ba, ba na ba shi maki ko kaɗan, mayar da shi nake yi a gyara a dawo. Yara za su ce tsanani ne. Ki gaya musu an soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna a 2001, amma wanda aka ɓata yana iya kai ƙara ya nemi diyya, kuma sashe na 208 na dokar laifuka ta 1960 kan yaɗa labarin ƙarya yana nan, ana kuma kama mutane da shi. Mai rubutu a Facebook bai fita daga ciki ba.

Idan kina da abokin aiki, ku ɗauki takardu biyar kowa ya ba su maki shi kaɗai, sannan ku haɗa. Inda kuka yi nisa da juna, ma'aunin ne bai fito sarai ba, ku gyara shi kafin ki duba sauran. Game da masu kai aikin ga ChatGPT kuwa, ba na ɓata lokaci ina farauta. Aikin da ya fi nauyin maki a aji ake yin sa, da agogo, sannan kowa ya tsaya minti biyu ya faɗa mini dalilin da ya sa ya fara da wannan jimlar ya zubar da waccan. Wanda bai rubuta ba a nan yake tsayawa.

Hausar Zongo

Wannan ita ce ta fi buƙatar adalci. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Ghana ta ɗauki nauyin rubuta su da koyar da su, don haka yaron Asawase zai iya koyon rubutun Twi a makarantar boko, ya koyi Larabci a makarantar allo, amma harshen da yake mafarki da shi bai taɓa ganin ƙa'idar rubuta shi ba. Ba don babu tarihi ba ne. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami a ƙasar nan. Zaren ne ya tsinke a tsakani.

Ni ina raba abu biyu. Karin harshe ba kuskure ba ne. Idan ɗalibi ya rubuta sanarwar rediyo ko saƙon murya don mutanen Aboabo da Sawaba, ya yi ta da Hausar da suke ji, ko da bai raba namiji da mace yadda Bakano zai raba ba, ko ya sa kalmar Twi, harshen Asantawa, da kowa ya saba da ita a kasuwa, ba na rage masa komai. Hasali ma wanda ya kwaikwayi Hausar BBC har kakarsa ta kasa gane shi, shi ne ya faɗi a dacewa da masu sauraro. Amma idan rubutun na ido ne, kuma ana son a karanta shi har Kano da Yamai, to daidaitacciyar Hausa ake nema, kuma wannan sai an koya. Ki ware minti 15 a kowane zama don ƙa'idar rubutu kawai: raba kalmomi irin su "ya yi" da "za a", da haruffa masu ƙugiya. Mu nan da yawa ba ma bambanta su a baki, shi ya sa hannu ma ba ya bambantawa. Ki rubuta musu "an yi fada a fada" a allo, ki ce su gaya miki wanne ne rikici wanne ne gidan sarki. Ki ƙara da kasa da ƙasa, bari da ɓari. Gboard, manhajar da ake buga rubutu da ita a waya, yana da allon rubutun Hausa, ki sa kowa ya saka a wayarsa a ranar. A watan farko ki riƙa nuna kuskuren ƙugiya ba tare da rage maki ba, daga wata na biyu ki fara ragewa.

Hanyar nan tana da iyakarta, kuma gara ki sani tun yanzu. Tana cin lokaci: mutum 24, kowa da karatu da tambayar masu sauraro, zama ɗaya ba zai ishe ki ba, sai ki raba su rukuni shida na mutum huɗu su riƙa gwada juna, ke kina zagayawa, ki ajiye cikakken gwajin gaban aji sau uku kacal a wata ukun. Tana auna ko saƙo ya isa, amma ba ta auna ko zai yi farin jini, don haka kada ki taɓa ba da maki da yawan waɗanda suka danna alamar so, wannan yawan abokai yake nunawa. Ba ta kuma koyar da nemo labari, wato fita a tambayi mutane a tabbatar, tunda ke kika ba su bayanin a takarda. Saboda wannan gibin, a sati biyun ƙarshe ki daina ba su takarda. Kowa ya fita unguwarsu ya samo abu ɗaya da ke faruwa, kwatar da ta toshe ko famfon da aka gyara, ya yi magana da mutum biyu aƙalla, ya kawo miki shi a riga huɗu, tare da rubutun farko da na gyara a cikin fayil ɗaya. Wannan fayil ɗin ne zai ɗauka ya nuna ranar da ya je neman aiki a tasha, don can ba za su tambaye shi maki nawa ya ci ba, takarda za su miƙa masa su ce ya mayar da ita daƙiƙa 30 kafin labaran ƙarfe shida.